Babi na biyu ya tsaya cak, mai duba aikina kuma shiru

Ɗalibar_Masta: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, an amince da taken kundina, amma babi na biyu, wato na bitar rubuce-rubucen masana, ya ƙi tafiya. Maƙalu sun taru, na rasa ta inda zan kama, mai duba aikina kuma ba ya amsa imel da wuri. Ko in fara raba takardar tambayoyi kafin ya waiwaye ni?

Malam_Nazari: Wa alaikumus salam. Kul, kada ki raba ko ɗaya. Bayanan da aka karɓa daga mutane kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu ana iya watsar da su kaf.

Babin kuwa, karatu barkatai ne ke tsayar da shi. Buɗe Excel, kowace maƙala layi ɗaya: marubuci da shekara, tambayarsa, hanyar da ya bi, mutum nawa ya bincika, abin da ya gano, abin da ya bari. In kin cika layi 25 zuwa 30, sai ki bi kowane ginshiƙi daga sama har ƙasa. Nan za ki ga inda masana suka haɗu da inda suka saɓa, su ne sassan babinki. Mai rubuta "wane ya ce, wane ya ce" jerin sunaye kawai ya yi, a nan masu jarrabawa ke fara damƙe ɗalibi ranar kare kundi.

Malama_Alƙalami: 'Yar'uwa, babi guda kan tsorata mai duba aiki, sai ya ajiye shi sai ya samu sarari, sararin kuma ba ya zuwa. Tura shafi 5 zuwa 8 da takamaimiyar tambaya ɗaya, ki nemi ranar ganawa. Bayan kowace ganawa, aika masa taƙaitaccen imel na abin da kuka tsayar. In shirun ya wuce wata guda, ki kai maganar ga jami'in karatun gaba da digiri na sashenku, cikin ladabi.

Mai_Ƙididdiga: Malam, a ganina layi 10 ya isa ta fara rubutu, jiran 30 wani jinkirin ne. Ɗaliba, ki sa manhajar Zotero tun yau, kyauta ce, ita za ta tsara miki manazarta. In izinin kwamitin ɗa'a ya fito, fara gwada tambayoyin a kan mutum 20 zuwa 30. Idan ma'aunin Cronbach, wanda ke nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, ya gaza 0.7, gyara su kafin ki fita fili. Kundin kuma ya zauna wuri uku: kwamfuta, filashi, da Google Drive.