Musayar kado, me zan saya da jaka biyu?

Maman Hafsa: Salamu alaikum 'yan uwa, matan adashinmu nan Garwa za mu yi musayar kado ran Asabar, an ce kar ya wuce jaka biyu kuma ba ki san hannun wa zai faɗa ba, don Allah me zan saya?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Turaren wuta 'yar kwalba, ba macen da za ta ƙi shi, in canji ya rage ki ƙara sabulu.

Anti Binta: Ni dai 'yar jakar fata irin ta Marwa, tana daɗewa, amma fa sai kin iya ciniki. Banda atamfa, ta wannan kuɗin wanki ɗaya ta koɗe wallahi.

Maman Hafsa: Hhh gaskiya ne Anti. Turaren zan ɗauka, na gode Hajiya.