Me za mu kira "cloud" da "self-hosted"? Darasi ranar Litinin

Malamar Kwamfuta, Gusau: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa malaman firamare manhajojin ajiye rubutu, kuma da Hausa aka ce in yi. Iri biyu ne: su Google Keep da Notion, da rubutunka ke kwana a kwamfutocin kamfani (wato "cloud"), sai irin Nextcloud, da kai za ka girka a taka kwamfutar ka riƙa kula da ita (wato "self-hosted"). Ku taimaka da suna.

Ɗan Kaura: Wa alaikumus salam. Rumbun haya da rumbun gida.

Baba Alaramma: Na farkon dai gajimare. Haka masu abin suka kira shi, mu ma muna da kalmar.

Malamar Kwamfuta: Baba, na gwada a wani aji. Wata ta tambaye ni ko da rani rubutun ɓacewa yake yi.

Ɗan Kaura: Allah ya gafarta Malam, gajimare ɓoye gaskiya yake yi. Kwamfutocin wani ne a ginin wani, yawanci ma a wata ƙasa. Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, duk wanda rubutunsa bai sauka a wayarsa ba, ido kawai ya zuba. Mai haya ya san wata rana zai iske ƙofa a kulle.

Bamafare: Amma Google Keep kyauta ne, hayar mi? Kuma don mi rumbu? Mu nan ruhewa muka sani. Kullum sai Hausar Kano!

Ɗan Kaura: Yaya, rumbu ai har a Mafara ana cewa.

Bamafare: Na kara ke nan. Ruhewa ta laka ce, gobara ba ta cin ta da sauƙi. Wanne ya fi dacewa da ajiya?

Baba Alaramma: Ku da kuke amfani da kalmar "intanet" ba kunya, yau gajimare ne ya tsone muku ido.

Hajiya Mai Shago: Ni dai ku faɗa wa malaman nan cewa na gida ma da wahalarsa. Wuta, sola, sabunta manhaja, ajiye kwafi a wani wuri, duk a wuyanka. In kwamfutar ta ƙone, ba wanda za ka kama. Malamin firamare ina ya ga kuɗin batir?

Malamar Kwamfuta: Na gode. Zan sa "rumbun gida". Ɗayan kuma "rumbun kamfani", tunda hayar ba ta shiga ko'ina ba.

Ɗan Kaura: Ba daɗi a baki, amma to.

Baba Alaramma: Ni gajimare zan ci gaba da cewa.