Don Allah a taimaka, manhajar katin ɗalibai ta tsaya cak

Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani ƙauye kusa da Taura, kan hanyar Ringim. Shekara uku ke nan ni ke buga wa Islamiyyun yankinmu katin shaida. Ɗan yayata ne ya rubuta min 'yar manhaja da Python, wani yaren rubuta manhaja, kafin ya tafi bautar ƙasa, ita ke rage girman hoton yaro ta ɗora sunansa a tsakiyar kati. Da damina rufin shago ya yi yoyo, tsohuwar kwamfutar ta sha ruwa, sai da maiɗakina ta sayar da tunkiyarta muka haɗa na sayi wata ta hannu. Na kwafo fayil ɗin daga filash, na sauke Pillow, ƙarin manhajar da Python ke sarrafa hotuna da ita, yadda ya rubuta min a takarda, sai ta ce wai babu ANTIALIAS, wata kalma da ke cikin rubutun manhajar. Asabar za a koma makaranta, katin yara 140, na riga na karɓi rabin kuɗi. Wallahi ko barci ba na yi.

Injiniya Musa: Wa alaikumus salam. Sabon Pillow ka sauke. Tun fitowar na 10 a Yulin 2023 aka cire ANTIALIAS, kuma tun 9.1 ake ta gargaɗi a kai. Goge kalmar ka rubuta LANCZOS, aikinsu ɗaya.

Habibu: Na canza, Injiniya, Allah ya saka. Yanzu kuma ta ce babu textsize.

Injiniya Musa: Shi ma ya tafi, yanzu textbbox ake amfani da shi wajen auna girman rubutu. Amma lambobi huɗu yake bayarwa, ba biyu ba: hagu, sama, dama, ƙasa. Ka debe hagu daga dama, faɗin rubutun ke nan. In ba ka yi haka ba sunan yaro zai karkace. Turo min layin.

Rabi'u Gumel: Malam Habibu, kar ka wahalar da kanka. Rubuta pip install Pillow==9.5.0, tsohon Pillow zai sauko, komai zai dawo yadda yake. Ni bara sabuntawa ta ci min kwana uku, mai aikin ya kwashe hotunan bikinsa ya kai wani wuri, har yau in mun haɗu a kasuwa ba ya amsa gaisuwata.

Injiniya Musa: Gurguwar shawara ce wannan. A Satumban 2023 an gano ɓarakar tsaro a libwebp, abin da Pillow ke buɗe wasu hotuna irin na intanet da shi, sai a Pillow 10.0.1 aka toshe ta. Sannan 9.5.0 a hukumance iyakarsa Python 3.11. Habibu, wane Python ke kan kwamfutar?

Zainab: Ku kuna maganar saukewa kamar sabis a hannu yake. Mu nan sai an hau tudun bayan makaranta kafin saƙo ya fita, data kuma ta ƙare kafin abu ya kai rabi.

Habibu: Ni gaskiya ba na son taɓa rubutun yaron da yawa, shi ya san yadda ya tsara abinsa. Kuma hotunan da wayata nake ɗauka, a jikin farin bangon masallaci, ba daga intanet suke zuwa ba. Ina ganin na Rabi'u zan gwada.

Injiniya Musa: Layi biyu ne fa kacal za ka gyara. Kuma har yanzu ba ka faɗi wane Python ba.

Habibu: Batirin sola ya yi ƙasa, na kashe ta. Na kira yaron sau huɗu, ba ta shiga. Gobe in an yi rana zan duba.