Me ya sa HEC ke daskarar da ruwan CNC, dekstiran kuma ba ya yi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum malamai. Ruwan nanokiristal na selulos, wato CNC, kashi 3 cikin 100, yana zuba kamar ruwa. Da an sa masa ɗan HEC (hydroxyethyl cellulose, selulos da aka sarrafa don ya narke a ruwa) sai ya kama jiki ya zama jel, amma dekstiran (polima da aka gina da gulukos) ba ya yi masa komai. Ina bambancin yake, tunda duk polima ne, wato dogayen ƙwayoyin sinadari masu kama da zare?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. CNC ƙananan sanduna ne, tsawonsu nanomita 100 zuwa 200, kaurinsu bai fi 10 ba. Asid na salfa da aka fitar da su da shi yana bar musu caji negatif, shi ya sa suke ture juna. Su kaɗai ba sa daskarewa sai sun kai wajen kashi 10.

HEC yana manne wa jikin sandunan, sai kowace ta ƙara kauri ta cinye wuri, wani zaren kuma ya kama sanduna biyu lokaci guda. Kashi 0.2 na HEC ya isa ya tsayar da kashi 3 na CNC. Dekstiran ba ya mannewa, yawo kawai yake a ruwa.

Yar Dakin Gwaji:
Malam, a ƙara da cewa wanda ba ya mannewa ma yana iya kawo jel. CMC (carboxymethyl cellulose, wani selulos da aka sarrafa) cajinsa negatif ne, ba ya son jikin CNC, kuma zarensa ba ya shiga matsatsin tsakanin sanduna. Yawansa a waje ne ke matse su su taru. Amma sai zaren ya yi tsawo kuma ya yi yawa.

Mai Awo:
Ɗan'uwa, kula da haɗin. Ka narkar da polimar daban ta kwana, kada ka zuba garinta cikin CNC, gudaji za ta yi. Ka fara warware CNC da injin girgizar sauti kafin haɗawa, domin idan ka yi bayan haɗi zai tsinka zaren polimar. Ruwa kuma ya zama tatacce marar gishiri: gishiri milimola 20 zuwa 50 a kowace lita shi kaɗai yana daskarar da CNC, kalsiyam ma ƙasa da haka, sai ka ɗauka aikin polima ne. Kitosan, wata polima mai caji pozitif, idan aka zuba shi da sauri, dunƙulewa yake sa su su kwanta a ƙasa.

Kifa kwalba a ga ko haɗin zai zubo gwajin farko ne kawai. Tabbaci sai riyomita, na'urar auna tauri da kwarara, ta nuna G′ (ma'aunin ɗabi'ar daskararre) ya fi G″ (ma'aunin ɗabi'ar ruwa).