Neman taimako kan fassarar kalmar "pointed"

Assalamu alaikum, malamai masana harshe. Ina fassara wani rahoto daga Turanci, sai kalmar "pointed" ta gagare ni. Ma'anarta ta zahiri ba ta da wuya, domin abu ne mai tsini kamar bakin allura ko mashi, ba mai kaifi irin na wuƙa ba. Inda na maƙale shi ne "pointed remark", wato maganar da aka nufi wani da ita har kowa a wurin ya gane wanda ake nufi. Habaici da gugar zana sun yi kusa, amma a ganina sun fi ta ɓoye manufa, alhali "pointed question" tambaya ce ta gaba da gaba, ba kwana-kwana. Shin akwai kalmar Hausa guda da za ta ɗauki duka biyun, ko kuwa dole kowace jimla a duba ta daban?