Ukulele mai siffar abarba da iskar hunturu: in rufe shi ko in ci gaba da kaɗawa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da wani ukulele, wato ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, da na saya a Honolulu ta Hawayi lokacin da nake karatu a can, kuma ba daga kanti ya fito ba, daga hannun wani dattijo na karɓe shi, wanda ke sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya a bayan gidansa. Cikinsa ba shi da ƙugu irin na jita, kewayayye ne mai ɗan tsawo kamar abarba, an kuma yi shi da katakon koa, wani itacen Hawayi. A gefen ramin sautinsa akwai wurin da wuƙar dattijon ta ɗan zame, ya goge amma alamar ba ta ɓace ba, kuma gaskiya wannan tabon yana cikin abubuwan da suka sa nake ƙaunarsa.

Wannan ne hunturunsa na biyu a Kano. Bakin ƙananan ƙarafan da ke kwance a wuyansa sun fara karce mini yatsa, fuskarsa kuma ta ɗan lotsa. Wani kafinta ya ce in shafa masa man kaɗanya. Shin in bi shawararsa, ko in rufe shi a akwati har damina ta faɗi?

Tsohon Makaɗi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kusantar da man kaɗanya ga wannan kaya. Ruwan da ke cikin katakon ne iska ta zuƙe, mai kuwa ba zai mayar da shi ba, sai dai ya ratsa duk wata ƙaramar tsaga ya hana gam kamawa ranar da za a buƙaci gyara. Idan katako ya bushe yakan tsuke ta faɗinsa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafan suka leƙo waje. Lotsawar fuskar ta fi damuna, domin katakon wurin siriri ne ƙwarai, kuma ɗan katakon da tsirkiya ke ɗaure a kansa, wanda masu molo ke kira jaki, yana jan sa dare da rana.

Masu ƙera irin waɗannan kayan kiɗa sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, alhali a tsakiyar hunturu a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa shi cikin robar ajiye sabulu wadda ka huhhuda, ka ajiye a akwatin ta wajen kai inda ba zai taɓa katako ba. Ka nemi ƙaramin ma'aunin danshi ka haɗa da su, ka riƙa dubawa duk bayan kwana biyu. Ka yi haƙuri da shi, domin katakon da ya yi wata biyu yana bushewa ba zai dawo cikin dare ɗaya ba.

Malamar Tarihi:
Na yarda da Baba a kan batun soso, amma ban goyi bayan a kulle shi har damina ba. Siffar nan ta abarba Samuel Kamaka ne ya fito da ita, wanda ya buɗe shagonsa na ƙera ukulele a Honolulu a 1916, ya kuma yi mata rajistar mallaka a 1928, kuma tana da tasiri a sauti: rashin ƙugun yana ƙara faɗin ciki, sai muryar ta fi cika da laushi. Asalin kayan ma na matafiya ne, domin mutanen tsibirin Madeira na Fotugal ne suka iso Hawayi a jirgin ruwa Ravenscrag a 1879 da ƙananan jitocinsu, kafintoci uku daga cikinsu, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, suka koma ƙera su da koa, itacen da a Hawayi kaɗai yake tsirowa a daji. Wanda ya rufe akwati wata huɗu ba zai san ranar da tsaga ta fara ba, amma mai ɗaukarsa kullum zai ji sauyi a yatsa da kunne tun da wuri. Ka kaɗa shi da daddare cikin ɗaki, taga a rufe, ka mayar da shi da zarar ka gama.

Ɗan Fagge:
Na gode Baba, na gode Malama. Na sa soson tun jiya, ma'aunin ya tashi daga 18 zuwa 31. Saura tambaya ɗaya: in sa a goge bakin ƙarafan yanzu?

Tsohon Makaɗi:
Ka jira mako uku tukuna. Sau da yawa sukan koma da kansu idan wuyan ya sha danshi, in kuma ba su koma ba, mai gyaran jita za ka kai wa, ba kafintan ƙofa ba.