Muhawara: Shin rasidansin ƙashi da gaɓoɓi ya cancanci shekarar da likitan fisiyo yake ba shi a Amurka?

Wanda ya buɗe zancen: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, likitan fisiyo (mai gashin ƙashi da motsa jiki) da ya kammala digirin DPT, wato digirin aikin fisiyo, a Amurka ba ya buƙatar ya sake shiga horon rasidansi, wato horon aiki na bayan digiri a ƙarƙashin gwani, a fannin ƙashi da gaɓoɓi. Hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni, wadda ake kira OCS, ta buɗe ƙofa biyu: ko mutum ya gama rasidansin da aka amince da shi, ko ya tara sa'o'i 2,000 yana duba marasa lafiya a wannan fanni, sannan duka su zauna jarrabawa ɗaya. Tunda shaidar iri ɗaya ce, ban ga dalilin da zai sa wanda bashin karatu ya yi wa katutu ya karɓi ragin albashi na tsawon shekara ba.

Malamar da ke horar da ɗalibai: Wa alaikumus salam. Malam, ka auna abin da takarda, alhali darajar horon tana cikin ɗakin duba mara lafiya. Ƙa'idar hukumar ABPTRFE, mai tantance shirye-shiryen rasidansi, ita ce aƙalla sa'o'i 1,800, daga ciki 1,500 na aikin asibiti da 300 na karatu, kuma dole ne ɗalibi ya sami sa'o'i 150 shi da gwani su biyu kaɗai. Gwanin yana tsaye lokacin da ɗalibi ya kama gwiwar wanda aka yi wa aikin jijiya, yana kallon inda ya ɗora babban yatsansa da yadda ya ja ƙwaurin, bayan mara lafiya ya fita kuma ya tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan gwaji ya bar wancan. Wanda ya tara sa'o'i 2,000 shi kaɗai yana iya maimaita kuskure guda tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya ce masa kanzil.

Wanda ya buɗe zancen: Hajiya, na ji, amma ina hujjar cewa mara lafiya ya fi samun sauƙi? Binciken da mujallar likitocin fisiyo ta JOSPT ta wallafa a 2015 ya nuna cewa waɗanda suka yi feloshif, wato matakin da ke gaba da rasidansi, su ne marasa lafiyarsu suka fi samun ci gaba, amma 'yan rasidansi ba su zarce waɗanda ba su yi horon komai ba.

Wani tsohon likitan fisiyo: Wannan bincike gaskiya ne, kuma bai kamata masu goyon bayan horon su kau da kai daga gare shi ba. Sai dai a lura cewa galibin masu shiga rasidansi sababbin fitowa ne daga makaranta, saboda haka kwatanta su da mutanen da suka daɗe a aiki yana da wuyar sha'ani. Abin da ya fi damuna ni kuwa shi ne ganewar haɗari. A dukkan jihohin Amurka akwai wani nau'in izinin da ke bai wa mara lafiya damar zuwa wurin fisiyo kai tsaye ba tare da takardar likita ba. Idan mai ciwon baya ya ambaci cewa tsakanin cinyoyinsa ya mutu kuma fitsari yana yi masa gardama, wannan ba na fisiyo ba ne, na sashen gaggawa ne a ranar, domin jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne.

Sabuwar likitar fisiyo: Baba, an koya mana wannan alama tun a aji, kuma duk wanda ya ci jarrabawar lasisi ya san ta. Abin da zan tambayi Hajiya shi ne, idan asibitin da ya ɗauke ni aiki ya haɗa ni da gwani a cikakken albashi, me ya rage mini?

Malamar da ke horar da ɗalibai: Ƙanwata, idan kin sami irin wannan wuri ki riƙe shi da kyau. Matsalar ita ce alkawarin asibiti yakan narke da zarar layi ya yi tsawo, a janye gwanin ya koma kan nasa marasa lafiyar, alhali shirin da hukuma ta amince da shi wajibi ne ya rubuta sa'o'in nan, in ya gaza ya rasa amincewar. Kafin ki sa hannu, ki nemi su rubuta miki a takardar ɗaukar aiki sa'o'i nawa za ki samu da gwanin a kowane mako.